Wata uku da burauzar Brave: yadda take tare tallan bidiyo

A gidanmu da ke unguwar Mabera a Sakkwato, waya ɗaya ake kunna wa yara karatun Alƙur'ani da darussan lissafi a YouTube bayan sallar magariba. Ranar da tallan wani kamfanin caca ya katse karatu a tsakiyar aya, yara kuwa sun zuba wa wayar ido, ranar na ƙudura neman mafita. Wani mai gyaran waya a titin Emir Yahaya ne ya ba ni shawarar in sauke Brave, ga shi yau wata uku ke nan ina amfani da ita.

Brave burauza ce ta kyauta, wato manhajar buɗe shafukan intanet, wadda kamfanin Brendan Eich, mutumin da ya ƙirƙiro JavaScript (yaren da ake tsara shafukan intanet da shi), ya fitar a 2016. An gina ta a kan Chromium, tushen da Chrome ke kai, shi ya sa wanda ya saba da Chrome ba zai sha wahalar gane ta ba. Garkuwarta mai suna Shields a kunne take tun ranar farko, abin da kawai ake bukata shi ne mutum ya buɗe YouTube a cikin burauzar maimakon manhajarsa. Tun da na koma haka, tafsirin awa guda yana tafiya daga farko har ƙarshe ba yankewa, data ma ta fi daɗewa, domin shi kansa tallan bidiyo ne da ake saukewa da kuɗin mai kallo.

Sai dai ba kowane talla take iya tarewa ba. Wanda mai tashar ya faɗa da bakinsa ya riga ya zama ɓangaren bidiyon. Tun 2023 kuma YouTube ya matsa wa masu toshe talla lamba, don haka wajibi ne a riƙa sabunta burauzar. Ita ma Brave tana da nata tsarin talla mai biya da kuɗin kirifto na BAT, wanda ban kunna ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haƙƙin masu tashoshi. YouTube yana ba su kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogayen bidiyo, ke nan matashin da ya ɗauki karatun malaminsa, ya tace shi, ya ɗora da datarsa, ba ya samun ko kwabo daga kallona. Mai hali ya fi dacewa ya biya YouTube Premium, domin yana cire talla kuma ana ba masu tashoshi rabo daga kuɗin. Ni dai na bar Brave a wayar yara, tashoshin Hausa da nake bi kuwa ina kallon su a manhajar YouTube ta wayata, da tallansu.