Musu ko Saurare ga Mai Jin Muryoyi

Idan mai ciwon sikizofireniya (wani nau'in taɓin hankali) ya ce yana jin muryoyi, ko ya rantse cewa maƙwabta suna sace masa tunani, wasu dangin kan ƙaryata shi. Sai dai muryar tana zuwa masa ne kamar ta mutum a gefensa, don haka musu yana ƙara masa zargi har ya ƙi cin tuwon gida.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a zauna a ce masa, "Yaya, ni ban ji ba, amma na ga tsoron da kake ciki." Ba a gaskata muryar ba, ba a wulaƙanta shi ba, kuma ya fi yarda a raka shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano ko na Kware a Sakkwato.