Kallon Taurari a Gaɓar Teku da Hunturu: Wace Na'ura Ta Cancanci Kuɗinka?

Mai sayar da na'urar hangen taurari zai fara maka da cewa na'urarsa tana kusanto da abu sau 300. Kada wannan ya ruɗe ka. A bakin teku cikin sanyi, raɓa da gishiri da iska ne ke lalata wa mutum dare, kuma da su za ka auna duk abin da za ka saya.

Fara da tabaron hangen nesa mai ido biyu. Za ka ga an rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa: lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Raba ta biyu da ta farko, ka samu faɗin hasken da zai shiga idonka: kusan milimita 7 a na farko, 5 a na biyu. Ƙwayar idon matashi tana buɗewa har kusan 7 a duhu, amma da shekaru suka ja sai ta tsaya wajen 5, sauran hasken ya tafi a banza. Shi ya sa na fi son 10x50 ga yawancin manya. Mai 7x50 ya fi rashin rawa a hannu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan yatsu sun daskare. Ko wanne ka ɗauka, ka tabbata ruwa ba ya shigarsa, an kuma cika shi da iskar naitirojin, don kada tururi ya kwanta masa ta ciki inda hannu ba ya kaiwa.

Da tabaron za ka ga taurarin Kaza da 'Ya'yanta gaba ɗaya a fili guda, taurari gommai a inda ido ke ƙirga shida ko bakwai. Ƙarƙashin taurari ukun nan da suka jeru a rukunin taurarin da ake kira Orion kuwa, za ka ga wani gajimare mai ɗan haske, inda sababbin taurari ke samuwa.

Teleskop, wato na'urar hangen nesa mai ido ɗaya, irin mai gilashi a baki na faɗin milimita 80 zuwa 100, shi ne mataki na gaba. Bututunsa a rufe yake, gishiri ba ya samun hanya, kuma ba ya daɗewa kafin ya saba da sanyin waje. Da shi zoben da ke kewaye da duniyar Saturn zai fito. Matsalarsa raɓa: gilashin yana huce zafinsa zuwa sama har ya fi iska sanyi, sai danshi ya lulluɓe shi. Saya masa doguwar hular baki ko ɗamarar ɗumamawa mai batir. Batir ɗin ya zama na litiyam, don na yau da kullum sanyi yana kashe shi da wuri.

Teleskop mai madubi a gindi, irin wanda ake kira Dobsonian mai faɗin milimita 200, ya fi kowanne tara haske idan aka auna da kuɗinsa. Sai dai bakinsa a buɗe yake, iskar gishiri tana sauka kan madubin tana cin shafen almuniyam ɗinsa a hankali, madubin yana neman rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya huce, ga bututun yana tare iska kamar filafilan jirgin ruwa. Idan kana da hanyar matsawa da shi nesa da ruwa, saya. Idan a kan yashi za ka kafa shi, haƙura.

Kada ka yi rowa wajen mariƙi mai ƙafa uku da za ka ɗora na'urar a kai. Mai nauyi ka nema, wanda sukurorinsa ba sa tsatsa. Daren da sama ta wanke bayan wucewar iska mai sanyi, taurari sukan yi ta ƙyaftawa saboda iskar sama ba ta zauna ba, kusantowa mai yawa ba za ta ba ka komai ba sai hoto mai rawa.

In ka gama, rufe na'urar a jakarta kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi, ka bar ta ta ɗumama a hankali. Gishirin da ya bushe a gilashi kuwa, hure shi tukuna, sannan ka goge da ruwan wankin gilashi; busasshen ƙyalle karce shi zai yi.