Tsohon jirgin fontun: a kyautar wa ƙungiya ko a sayar a yi sadaka da kuɗin?

Salam Alhaji, na ga tambayarka kan jirgin ruwan fontun ɗin nan naka da ke ajiye a jihar Minnesota ta Amurka, ka ce yara sun girma ba mai hawa, kuɗin ajiya da inshora sai cinka suke duk shekara, shin ka ba ƙungiyar agaji ka samu ragin haraji ko kuwa ka sayar. Toh ni dai tun yanzu in gaya maka, in har injin na tashi ina ɓangaren sayarwa, amma bari in ajiye maka su gefe da gefe ka gani da kanka.

Kyautarwa akwai sauƙi, wannan ba musu. Ka kira su, ka tura hotuna, in sun yarda su turo mai ja ya ɗauke, ba ciniki ba jiran mai saye. Inda mutane ke ruɗewa shi ne maganar harajin. Tun 2005 dokar ta canza, in ƙungiyar ta sayar da jirgin sama da dala 500 to kuɗin da aka sayar da shi kawai za ka rubuta a matsayin ragin haraji, ba kuɗin da kai kake ganin ya kai ba, kuma yawancinsu gwanjo suke kaiwa ta hannun dillali wanda shi ma sai ya cire nasa kafin sauran ya isa ƙungiyar. Za su turo maka fom 1098-C cikin kwana 30 bayan sayarwa. Sannan ko wannan ɗin ba zai amfane ka ba sai in kana lissafa ragin harajinka ɗaya bayan ɗaya a fom ɗin haraji na Schedule A, in ragin bai-ɗaya kake karɓa kamar yawancinmu (a 2024 dala 14,600 ne ga mutum ɗaya, 29,200 ga miji da mata) to wallahi ko sisi ba za ka gani ba a harajin tarayya. A ce ma kana lissafawa, a ce gwanjo ya ba da 3,000 kuma kana matakin haraji na kashi 22, abin da zai dawo aljihunka daga harajin tarayya bai wuce 660 ba fa.

Amma akwai kyautarwar da nake so sosai, wato ka ba waɗanda za su hau jirgin da kansu. Fontun ai don irin wannan aka yi shi, bene ne shimfiɗaɗɗe a kan tankunan alminiyam biyu, baya tangaɗi sosai, ga shinge kewaye, mai keken guragu ma yana shiga. A nan jiharku akwai Let's Go Fishing masu fita da tsofaffi da tsoffin sojoji kan tafki, akwai kuma Sea Scouts masu koya wa matasa harkar ruwa, ka kira ka ji ko suna buƙata. In ƙungiya ta rubuta a fom ɗin cewa za ta yi amfani da shi sosai a aikinta, a nan ne doka ta ba ka damar rubuta ainihin darajarsa ta kasuwa, sai dai in ta haura 5,000 dole ka biya ƙwararren mai ƙiyasi ka cike sashen B na fom 8283.

Sayarwa kuma wahalarta a kanka take. Wanki, hotuna, ka sa a Facebook Marketplace ko Craigslist ko Boat Trader, ka sha masu taya maka rabin kuɗi da masu cewa gani nan zuwa ba su zo ba, ga ƴan damfara masu turo cek na bogi su ce ka mayar musu da rara, kar ka saki jirgi sai kuɗi sun tabbata a banki. Lokaci ma na da muhimmanci, Afrilu zuwa Mayu da ƙanƙara ta narke kowa na neman jirgi, in ka bari sai Oktoba mai saye ya san gudun kuɗin ajiyar hunturu kake zai matse ka. Amma kuɗin gaba ɗaya hannunka za su shigo, ba dillali a tsakani, kuma tunda ƙasa da yadda ka saya za ka sayar babu harajin riba. Daga nan sai ka kai sadakarka inda ranka ya kwanta, masallacinku ko Islamic Relief USA, ka karɓi rasit in ta kai 250. Daga 2026 ma wanda baya lissafawa zai iya cire har 1,000, ma'aurata 2,000, amma na tsabar kuɗi kawai, jirgi baya ciki. In gida ka tura kai tsaye, wa ƴan uwa ko wani masallaci a Kano, lada na nan in sha Allah amma hukumar harajin Amurka, IRS, ba ta lissafa shi.

In kuma inji ya mutu, katakon ƙarƙashin kafet ya ruɓe, tanki na shan ruwa, ka gaya musu gaskiyar halin da yake ciki. Ƙungiyoyi da yawa ba sa karɓar irin wannan don kuɗin ja da zubarwa a kansu zai faɗa, kuma ka san aya ta 267 a Baƙara ta hana mu zaɓo lalatacce mu ce shi ne sadaka. Gara ka sayar da tirelar daban, injin a matsayin kayan gyara, alminiyam ɗin ga masu sayen ƙarafa.

Ko wanne ka zaɓa ka haɗa takardun mallakar jirgin da na tirela don daban-daban suke, ka tabbata lambar jiki mai harafi 12 da ke bayan jirgin ta yi daidai da ta takarda, ba bashin banki a kai, sannan a sauya sunan mai jirgin a DNR, hukumar albarkatun ƙasa ta jiharku. In kyautarwar ce ka duba sunan ƙungiyar a shafin IRS ko tana da rajistar ƙungiyar agaji ta 501(c)(3), kuma ka tambaye su kai tsaye, za ku hau ne ko za ku sayar, in sayarwa ne kashi nawa ke isa gare ku. Injin naka doki nawa ne, kuma yaushe rabon da a tada shi?