PCPartPicker: abin da koren layi ke tabbatarwa, da abin da yake bar maka

Ɗaure sukurori da jona wayoyi aikin yini ɗaya ne ga mai haɗa kwamfutar tebur a karon farko. Asarar tun wajen saye ake tafka ta: firosesa da bai zauna a soket ɗinsa ba, ram da ya ƙi shiga gurbi, katin hoto da ya fi akwati tsawo. Shafin PCPartPicker, wanda Philip Carmichael ya buɗe a 2011, don maganin wannan aka yi shi, kuma ba a biyan ko sisi. Yana aikinsa da kyau, sai dai koren layin da yake nunawa a saman jerin kaya, mai cewa kayan sun dace da juna, yakan sa sabon shiga ya saki jiki fiye da kima.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Akwai gurbi na kowane kaya: firosesa, na'urar sanyaya shi, madabod wato babban allon da komai ke hawa kansa, ram, ma'ajiya, katin hoto, akwati, da na'urar ba da wuta da ake kira PSU. Da zarar ka zaɓi abu ɗaya, sai ya tace sauran. Ɗauki firosesa Ryzen 5 7600, ba zai nuna maka komai ba sai madabod masu soket AM5, daga nan kuma ram DDR5 kaɗai, domin AM5 ba ya karɓar DDR4. Inda ya fi ceton mutane shi ne soket LGA1700 na Intel, mai ɗaukar firosesa na zubi na 12 da 13 da 14. Madabod ɗinsa iri biyu ne, wasu na DDR4, wasu na DDR5, sunayensu kuma kusan ɗaya, wani lokaci harafi biyu ne kawai a ƙarshen suna ke raba su. Duka ram ɗin biyu haƙora 288 gare su, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya danna da ƙarfi, gurbin zai ɓalle. A nan shafin ba ya barin ka yi kuskure.

Gargaɗinsa kan BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, shi ma yana da amfani, amma a nan iyakarsa ta fara bayyana. Haɗa madabod B450 da Ryzen 5 5600, zai ce maka mai yiwuwa sai an sabunta BIOS. Haka ma madabod B660 da firosesan Intel na zubi na 13. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba shi da hanyar sanin wane BIOS ke cikin allon da ke kwali a gaban mai sayarwa. Idan tsoho ne, za ka kunna, fankoki su juya, monita ya zauna baƙi ƙirin. Mafita ita ce tun farko ka nemi madabod mai maɓallin sabunta BIOS ba tare da firosesa ba: ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Ana saka fayil ɗin a filas da aka tsara da FAT32, a canza masa suna yadda littafin allon ya ce, a cusa a ramin USB da aka yi wa alama, a jona wayoyin wuta na allon, a danna maɓallin. Kada a taɓa komai har fitilar ta daina ƙiftawa. Shafin ba zai zaɓar maka irin wannan allo ba, kai za ka duba.

Batun awo shi ne babban rauninsa, kuma shi kansa yana rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasan jeri: ba ya duba ko ram zai shige ƙarƙashin na'urar sanyaya. Misali, na'urar sanyaya Noctua NH-D15 tsayinta milimita 165 ne, kuma idan an ɗaura mata fanka biyu, sararin da ke ƙarƙashin fankar gaba kusan milimita 32 ne kawai. Ram mai fitilu yakan haura 40. Dabarar da ake yi ita ce a ɗaga fankar sama kaɗan, to amma duk milimitar da ka ɗaga ta ƙaru a kan 165 ɗin, ƙofar akwati kuwa ba ta san uzuri ba. Tsawon katin hoto yana gwada shi da na akwati, amma idan za ka sa lagireton sanyaya na ruwa a gaba, kaurinsa kusan 27 ne, fankarsa 25, ka ga sama da milimita 50 sun tafi. Wannan lissafin yi shi da biro da takarda.

A nan ne ɓangaren hotunan kwamfutocin da mutane suka gama haɗawa ya fi koren layin daraja. Nemi akwatin da kake so, ka duba waɗanda suka sa masa irin na'urar sanyaya ko katin da ka zaɓa. Hoto ɗaya na ƙofa a rufe ya wadatar.

Adadin wat da yake nunawa tara lambobin takarda ne kawai. Katunan hoto na zamani kan fizgi wuta fiye da ƙa'idarsu na ɗan ƙiftawar ido, PSU mai rauni kuma sai ya kashe kwamfuta ana tsakar aiki. Idan shafin ya ce 400, 650 ya fi kwanciyar hankali, sannan a duba abin da masu ƙera katin suka ba da shawara. Bai kuma san PSU mai kyau da na banza ba. Ko wane ya cika adadi zai ba shi kore. Tambarin 80 Plus ma yawan wutar da ba ta ɓata yake aunawa, ba ingancin kayan ciki ba. Abu biyu da babu shafin da zai hana ka: wayar PSU ɗin wani kamfani ba a sa ta a na wani, ko da bakin ya shiga, domin tsarin haƙoran ya bambanta kuma yana ƙona ma'ajiya, kan waya mai haƙora 16 na sababbin katunan Nvidia kuwa sai ya shige gaba ɗaya, idan ya rage rata yana zafi har ya narke.

Haka nan shiga daban, dacewa daban. Core i9 a kan madabod H610 mai araha zai samu kore, soket ɗaya ne, amma sashen da ke ciyar da firosesa wuta zai yi zafi ya rage masa gudu. Firosesan Intel mai F a ƙarshen suna, da Ryzen 5 5600, ba sa fitar da hoto da kansu, dole sai da kati, kuma wayar monita a jikin katin ake sa ta. Masu K ba sa zuwa da fanka a kwali. Ram da aka rubuta gudunsa 6000 yakan tashi a 4800 har sai an kunna EXPO ko XMP, wato saitin da ke kai shi cikakken gudunsa, a BIOS. Sandar ram biyu sun fi huɗu: a Ryzen 7000, gudun da AMD ta lamunta ga sanda huɗu 3600 ne kacal. Biyun kuma galibi a gurbi na biyu da na huɗu daga firosesa ake sa su.

Farashin da yake nunawa na kantunan ƙasashen da ke jerinsa ne, kuma yana samun la'ada idan an saya ta hanyarsa, don haka wanda ƙasarsa ba ta ciki ya ɗauki sunan kaya da lambarsa daidai, ya bar farashin. Kafin biyan kuɗi a sauke littafin madabod daga shafin kamfaninsa a duba shafuka uku: jerin firosesa da BIOS ɗin da kowanne ke bukata, teburin da ke nuna wane gurbin M.2 ke kashe wane ramin SATA (duka biyun wuraren jona ma'ajiya ne), da zanen allon, don ganin ko bakin fitilu na bolt 5 mai haƙora 3 ne ko na bolt 12 mai haƙora 4. Fitilar 5 da aka jona a 12 nan take take ƙonewa.