Mazubin abincin tsuntsaye ko kyamarar daji? Amsa ga Maman 'Yan Biyu

Maman 'Yan Biyu, sannu da fama da sanyi. Kin ce tun da kuka koma ƙauyen nan na arewacin jihar Wiskonsin a Amurka, kullum da safe sai ki tarar da sawu birjik a kan dusar ƙanƙarar bayan gida, yara sun hana ki sakat da tambayar su wa ke zuwa, kuɗin da kika ware kuma ba zai wuce abu ɗaya ba: ko mazubin abincin tsuntsaye, ko kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin bishiya tana ɗaukar hoto da kanta. Ina da duka biyun, wannan ne hunturuna na shida a jihar, bari in gaya miki abin da na gani.

Abu na farko, ba baƙi iri ɗaya suke kawowa ba. Mazubi na 'yan rana ne, kyamara ta 'yan dare ce. Masu sawun da ke damun yaranki galibinsu 'yan dare ne: zomo, barewar nan mai farin wutsiya, jar yanyawa, wani lokacin da kayoti, wanda in kin gan shi za ki rantse dila ne ya ƙoshi. Mazubi ba zai nuna miki su ba. In amsar tambayar yara kaɗai kike nema, kyamara ce. Amma ki dakata tukuna, don ba na jin wannan ce kaɗai matsalar gidanku a watan Janairu.

Mazubi aikinsa cikin sauri yake. Ki rataye shi, ki cika shi da baƙar ƙwayar sanfulawa mai mai, wadda ake sayarwa buhu-buhu a shagunan kayan gona, cikin 'yan kwanaki za ki ga mai zuwa na farko, kuma kusan kullum cikadi ne. Ɗan tsuntsu ne mai baƙar hula da baƙin gemu da fararen kumatu, nauyinsa bai fi giram 11 ko 12 ba. Ki lura da yadda yake ci: ba ya zama a kan mazubi, ƙwaya ɗaya zai ɗauka ya tashi, ya danne ta da ƙafa a kan reshe ya fasa, ko ya cusa ta a ƙarƙashin ɓawon itace. Ajiya yake yi, kuma yana tuna inda ya ɓoye. Da daddare, lokacin da sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, yakan shige ramin itace ya sauke zafin jikinsa da kimanin digiri 10 don kada kitsen da ya tara da rana ya ƙare kafin asuba. Ni da nake rawar ɗari a Zariya in hunturu ya busa, ganin wannan ɗan mitsitsin abu yana tsalle a irin wannan safiya ya sa na rage ƙorafi.

Bayansa sauran za su biyo. Kadinal, namijin ja jawur kamar an tsoma shi a manja, shi ne kan zo da duku-duku ya kuma dawo dab da magariba, wadda a Disamba kin ga tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna take yi. Bulu-je mai shuɗin tukku da rashin kunya, in ya sauka kowa ya watse. Akwai wani da ke sauko da gindin bishiya kansa a ƙasa, yarana har yau "mai tafiyar baibai" suke ce masa. In kika ƙara da kitse, masu ƙwanƙwasar itace za su zo. A shago ana sayar da shi a daskare cikin leda, galibi na saniya ne, amma ni ban damu da karanta bayan leda ba: kitsen ƙoda nake karɓowa wurin mai naman halal duk lokacin da muka shiga birni, in narka, in zuba gyaɗar da ba gishiri, in bar shi a waje ya daskare. Firiji kyauta ne a nan har Maris.

Duk wannan ta taga za ki gan shi, da kofin shayi a hannu, yara na leƙe ta gefenki. Ki sa musu manhajar Merlin ta Jami'ar Kwanel a waya, tana gane tsuntsu daga hoto ko daga kukansa. In abin ya kama su, akwai ƙidayar tsuntsayen bayan gida da ake yi kwana huɗu a kowane Fabrairu tun 1998, minti 15 kawai ake so mutum ya zauna ya ƙirga ya aika. Akwai kuma FeederWatch, ƙidayar tsuntsayen da ke zuwa mazubi, daga Nuwamba zuwa Afrilu, ga wanda ya shirya juriya.

Kyamara kuwa sai mai haƙuri. Tana da wani ido da ke jin motsin abu mai ɗumi, da ya gifta sai ta ɗauka, da daddare kuma da wani haske take aiki wanda idon mutum ba ya gani sosai, shi ya sa hotunan dare baƙi da fari suke fitowa. Ba abin da za ki kalla a lokacin da yake faruwa. Sai bayan kwana uku ko mako ki sa takalmin sanyi, ki kutsa dusa har gwiwa, ki ciro ɗan katin, ki dawo ki sa a kwamfuta. Wani makon ki tarar da abin mamaki, wani makon hoto ɗari biyu na reshe yana kaɗawa.

Wannan na reshen, da ni ya faru, ba labari aka ba ni ba. Na ɗaure ta tana fuskantar gabas, rana na fitowa tana dukan idonta, ga wani reshe a gabanta. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: ta fuskanci arewa, a share ciyayi da rassan da ke gabanta, a ɗaure ta wajen tsayin gwiwa zuwa ƙugu, a riƙa ɗaga ta in dusa ta ƙaru. Kuskure na biyu ya fi ciwo. Batir na gama-gari na sa mata, daren farko da sanyi ya tsananta ya mutu, na yi mako biyu ina jiran kyamarar da ba ta da rai. Batirin litiyam ake sa wa, shi ne ke jure sanyi har digiri 40 ƙasa da sifili. Yana da tsada, kuma galibin kyamarorin guda takwas suke ci, ki sa wannan a lissafi.

Amma ranar da ta kama, ta kama. Hoton da na fi so yanyawa ce a tsaye cik, kunnuwa a gaba, ta karkatar da kai, hoto na biye kuma sai ƙafafun baya da wutsiya a sama, kanta duk ya nutse cikin dusa. Ɓera take farauta. Tsakanin ƙasa da dusar da ta taru akwai wani ɗan sarari da zafinsa ke tsayawa kusa da sifili ko da iska a sama tana yanka fata, a nan ƙananan ɓeraye ke haƙa hanyoyinsu su yi hunturu, ita kuma da kunne take jin motsinsu. Ta kyamara kuma na gano cewa mazubina yana da baƙon tsakar dare, kurege mai shawagi, mai manyan idanu da fata shimfiɗe tsakanin hannu da ƙafa. Shekara biyu yana cin ƙwayata ban sani ba.

Maganar kuɗi: kyamara mai sauƙin farashi ana samunta ƙasa da dala ɗari, in kin saya sai batir. Mazubi ya fi arha a ranar saye, amma shi baki ne da ba ya rufuwa. Buhu na ƙarewa ki sayo wani, rabinsa kuma kuregen rana ne zai cinye in ba ki sa masa faifan ƙarfen da ke hana shi hawa sandar ba.

Inda suka fi bambanta shi ne nauyin da kowanne ke ɗora miki. Kyamara kallo kawai take yi, ba ta canza halin kowa, abin kiyayewa ɗaya ne, kada ta leƙa filin maƙwabci ko ƙofarsa. Mazubi kuwa tara jama'a ne, kuma inda aka taru cuta na yawo. Duk mako biyu sai an wanke shi da ruwa kashi tara, bilic kashi ɗaya, a bar shi ya bushe sarai. In kika ga tsuntsu ya kumbura ya yi lamo, ko idonsa ya yi ja ya rufe, ki sauke mazubin na mako biyu su watse. Taga ma tana kashe su, don karo suke yi da gilashinta: ko dai ki rataye mazubin dab da gilashi, cikin mita ɗaya, ko can nesa wajen mita goma. Shaho kuma zai gane wurin, wata rana yara za su ga abin da ba ki shirya musu ba. Nawa sun yi kuka, washegari suka zana hoton shahon.

Sai abu biyu da ba na wasa ba ne a yankinku. Na ɗaya barewa. Tausayi zai sa ki so zuba musu masara, kada ki yi. Cikinsu a hunturu ya saba da ƙananan rassa da tohon itace, masara kwatsam tana iya kashe su, irin yadda tunkiya ke yi in ta fasa buhun hatsi. Ga kuma wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa, wadda aka gano a Wiskonsin a 2002, saboda ita aka haramta ciyar da barewa a gundumomi da yawa na jihar. Ki duba shafin hukumar albarkatun ƙasa ki ga ko taku na ciki, mazubin kuma ya kasance inda bakin barewa ba zai kai ba. Na biyu baƙar beyar. Yanzu tana kwance a raminta, amma da ta farka wajen ƙarshen Maris, da yunwa take tashi kuma hancinta ba ya kuskure. Kafin Afrilu ki sauke komai ki share ƙasa.

To, da ni ce ke, mazubi zan saya bana. Hunturun farko a ƙauyen ƙasar nan abin da ke cin mutum shi ne shiru da doguwar rana a ɗaki, abin da zai motsa a taga kullum ya fi hoton da za a jira mako guda. Kyamara ta jira baɗi, kuma kafin nan kin san inda za ki ɗaure ta, don yawancin masu sayenta da gaggawa a inda ba a bi suke sa ta.

Tambayar yaran kuma dusar da kanta za ta amsa rabi. Gobe in ta zuba sabuwa, ku fita da safe kafin iska ta share. Sawun zomo manya biyu ne a gaba, ƙanana biyu a baya ɗaya na bin ɗaya, manyan nan ƙafafun baya ne da ke tsallake na gaba in ya yi tsalle. Na kurege haka yake, sai dai ƙananan suna jere gefe da gefe, kuma ƙarshensa gindin bishiya. Yanyawa layi ɗaya take ja miƙe kamar ɗinkin keke, karen maƙwabta kuwa sai ya zagaye ko'ina. In sawun zagaye ne ba alamar farce, dangin kyanwa ne. Ki ajiye tsabar kuɗi a gefen sawun don a gane girmansa, ki ɗauki hoto ki turo, mu duba tare.