Kafin ka sayi fedal ɗin jita a Legas, tambayi irin wutar da yake ci

Wani ƙanena da muke kiɗan biki tare a Agege ya tare ni da sunayen fedal huɗu da ya gani a YouTube, wai in zaɓa masa. Na ce, "Ɗan'uwa, zauna tukuna. Masu bidiyon nan wutarsu ba ta rawa, tamu kuwa ka san halinta."

Fedal ɗin da muke magana a kai, wato ɗan akwatin da mai jita ke takawa da ƙafa don sauya sauti, shi ne mai kwaikwayon amfilifaya. Tun 1998 da kamfanin Line 6 na Amurka ya fito da POD, jan nan mai siffar ƙwayar wake, makaɗa suka huta da ɗaukar kaya. Ƙaramar kwamfuta ce a ciki, tana kwaikwayon muryar amfilifayar Fender ko Marshall ko Vox, har da akwatin sifikarsu, sai ka jona kai tsaye a mikisa, na'urar da ke haɗa sautin kayan kiɗa ta tura wa sifiku.

Cikin huɗun da ya kawo, Kemper na Jamus da Quad Cortex na Finland kayan situdiyo ne, ba zan rungume su a cinya cikin danfo daga Agege zuwa Obalende ba. POD Go yana da murya mai daɗi, amma ba ya ɗaukar batir, kuma adaftarsa ta musamman ce mai ba da fiye da amfiya 2, in ta ɓata ka shiga yawo. Zoom G1X Four ya ishi mai koyo a ɗaki.

Ni dai Boss GT-1 nake riƙe da shi. Ya fito a 2016, wasu na cewa ya tsufa, ni kuwa har gobe shi zan nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, yana shiga aljihun jakar jita. Batir AA huɗu yake ci, masu kyau sukan kai awa 7, wato biki guda har a watse. In an ɗauke wuta mikisa ma mutuwa take yi, na sani. Amma lokacin da ake tayar da janareta, wuta na hawa tana sauka, fedal ɗina ba ya jone da bango ko kaɗan, babu abin da zai same shi. Wuta na dawowa ni a shirye nake. Sannan gurnanin nan da ke biyo adafta ya shiga sifika, da batir ba na jin sa. Muryarsa mai tsabta, irin wadda muke buƙata a kiɗan biki inda jita ke amsa wa mawaƙi, tana fita garau, kuma yana ajiye saiti 99 na kanka.

Abin da ya sa nake nanata maganar wuta, na taɓa ƙonewa. Fedal ɗina na farko na manta adaftarsa a wani wurin biki, na shiga wani shago na sayi wata, an rubuta volt 9 ɓaro-ɓaro a jikinta. Ana cikin liƙi, amarya na tsakiyar fili, sai na ji ƙaurin roba a ƙarƙashin ƙafata, allon ya yi baƙi. Washegari mai gyara ya ɗora mita a kan adaftar a gabana, ta nuna sama da 14. Kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa ke nan, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Saboda haka ka bi adafta da ido fiye da fedal ɗin kansa. Boss na amfani da volt 9 na DC, tsakiyar bakin kuma nagetif ne, akwai ɗan zane a jiki da ke nuna haka. Ta kibod ɗin Yamaha volt 12 ce, tsakiyarta fozitif, kada wani ya ara maka ita a coci ko a wurin biki don kawai bakin ya shiga. Ta tsohon POD kuwa AC take bayarwa. In kayan Beljiyam ne daga Amurka, karanta bayan adaftar: in 120 kaɗai aka rubuta, wutarmu ta 230 za ta cinye ta nan take. Wadda aka rubuta 100 zuwa 240 ita ce lafiya. Jabu ta yi yawa, har tambarin kamfani suke bugawa, don haka ka sa a auna ta da mita kafin kuɗi su bar hannunka.

In za ka kasuwar Alaba International da ke Ojo, tafi da jitarka da wayarka da abin sa wa a kunne. Kada ka bi ɗan kamashon da ya tare ka a bakin hanya. Buɗe gidan batir ka duba ko ruwan batir ya ci ƙarfen. Damshin Legas na sa ramukan waya tsatsa, ka jijjiga wayar a ciki ka ji ko sauti na yankewa. Taka kowane maɓalli sau da yawa. In da hali jona shi da kwamfuta ta USB ka ga ko manhajar Boss Tone Studio ta gane shi. Mai shagon da ya ce "babu wuta, ka gwada a gida", ka yi masa sallama. A rasit kuma a rubuta lambar da ke ƙasan fedal ɗin.

Da yawa suna sayen mai kyau su ce ba daɗi, alhali saiti ne. A GT-1 akwai wurin da ake kira Output Select. In mikisa za ka shiga, sa shi a LINE/PHONES. In ba haka ba, za ka ji jitar na zuzu kamar ƙudan zuma a gwangwani, domin sifikar jita ta gaske ba ta fitar da abin kirki sama da hertz 5,000, ta wurin biki kuwa komai take fitarwa. Rage gain, wato ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya, yawancinmu muna cika shi. Kuma kada ka yi saiti da dare a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa, kunne na ji daban in sauti ya yi ƙarfi, ka gyara shi a filin kafin baƙi su iso. In gurnani ya ƙi tafiya, sa akwatin DI, ɗan akwatin da ke daidaita sauti kafin ya shiga mikisa, tsakaninka da ita, ka danna maɓallinsa na ground lift, kada ka yarda a karye ƙafar ƙasa ta fulogi.

Ƙanen nawa mun yi da shi ranar Asabar da safe za mu Ojo tare. Na ce ya taho da jitarsa da sababbin batir huɗu, ni zan aro mita wurin mai gyara.