Ƙanena, ga bayanin bindigar fentin da ka tambaya

Assalamu alaikum ƙanena, ya gida ya su Inna, ya kasuwa. Naga saƙonka akan 'yar bindigar fentin nan da ka hango a hoton da na turo, wadda nan suke cewa eyaburosh, kace in duba maka ko zata yi aikin zanen riguna da allunan shago. To bari in baka labarin yadda na faro tukunna dan kar ka zuba kuɗinka inda ba zai yi maka amfani ba.

Ka san nan Bamingham ta Ingila in Disamba ta shigo ƙarfe 4 na yamma gari yayi duhu, ga sanyi, babu zaman majalisa babu komai, to a haka wani abokin aikina ya koya min haɗa ƙananan jiragen roba na kamfanin Airfix, irin Spitfire ɗin yaƙin duniya na biyu, sikelin 1/72, bai fi tafin hannunka ba, ka haɗa da gam sannan kayi masa fenti. Da farko irin mai arhar nan na saya a intanet, bindiga da tiyo da ɗan kwamfiresa duk a kwali ɗaya ba ko sunan kamfani. Matsalarsa bashi da tanki, iskar zuwa take tana tsalle fut fut fut, minti 20 ya ɗau zafi, kuma ƙasar nan danshi gareta sai ruwa ya taru a tiyo. Wani dare na kusa gama fiffiken jirgi, aikin sati biyu, kawai naji tas, ya tofo ruwa akan fentin da bai bushe ba ya bar tabo kamar an ɗiga hawaye. Wallahi abun ya min ciwo. Bayan kwana kaɗan kuma nozul ɗin, wato ɗan bakin da fenti ke fita ta ciki, ya karye a cikin zarensa wajen wanki, na nema har na gaji babu mai saida irinsa.

Da na tashi canzawa kwamfiresa na fara saye, kuma har yau ina ganin nan ne na kashe kuɗi da hankali. AS186 ake ce masa, ɗan Chana ne, yana da tanki lita 3, in ƙarfin iska ya kai bar 4 a geji sai ya kashe kansa, in ya sauko 3 ya tashi, yana da 'yar kwalbar tare ruwa da makunnin rage iska, lokacin da na saya bai kai fam 100 ba. Ni a 18 zuwa 20 PSI (shima ma'aunin ƙarfin iska ne) nake aiki, iskar na fita sumul, kuma ƙararsa bata fi ta firij da yawa ba, wanda nan babban abu ne dan bangon gidajensu ko tari kayi maƙwabci naji.

Ita bindigar sai da na haƙura wata uku. Manyan da ake magana sune Iwata ta Japan, Harder & Steenbeck ta Jamus, sai Badger ta Amurka, ita Badger zaren tiyonta daban ne sai ka sayi adafta. Na samu Iwata Eclipse ta hannu a eBay mai allura 0.35 (allurar ciki mai buɗe wa fenti hanya), bakin allurar ya ɗan lanƙwashe shi yasa mai ita ya karya kuɗin, nayi odar sabuwar allura ran Litinin, Laraba ɗan fos ya zuro ta ta ƙofa. Kaga bambancin kenan, kayan dai yawanci irin wanda ake shigowa dasu gida ne, amma nan ko 'yar robar da bata kai ƙwayar gero ba tana da lamba kuma zaka samu, sannan abun da ka saya a intanet doka ta baka kwana 14 kace ka fasa ka mayar. A gida in ka bar bakin shago sai dai roƙo da sanayya.

Amma fa wajen gyara mun fisu nesa ba kusa ba. Nan in kwamfiresa ya lalace kuɗin mai gyara yafi na sabo, jefarwa suke. A Kano mai gyaran firij zai buɗe shi a gabanka ya tada shi kafin la'asar, har na taɓa ganin wanda ya haɗa nasa da injin tsohon firij, shiru kake ji.

To kai aikinka ba irin nawa bane. Riga na shan fenti, tana son iska mai ƙarfi, irin wannan ƙaramin nawa wahala kawai zai sha yana ta gudu ba hutu. Ka shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ka nemi mai babban tanki irin na masu fentin mota, ka sa masa abun rage iska da na tare ruwa, in ka cika tankin ko an ɗauke wuta zaka ɗan ci gaba, kuma kuɗin turo mai nauyi daga nan asara ne. Kar ka yarda wani ya kawo maka na Amurka, wutarsu 120 ce, tamu da ta Ingila 230, har filogin iri ɗaya. Ni abun da zan turo bindigar ce, Eclipse mai kwalba a ƙasa, allura 0.5, da allura biyu da nozul na ajiya. Tina, ruwan tsinka fenti, ba'a yarda a shiga jirgi da ita ba, wannan ka saya a can gida. Ka tanadi takunkumi mai kyau dan Allah, hayaƙin fenti na cin ƙirji, kuma lokacin hunturu ka rufe ɗaki ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.

Akwai wanda zai taho kafin babbar sallah, ka turo min hoton bakin tiyon kwamfiresan da ka samu in haɗa da adaftar da ta dace. Ka gaida Inna sosai, kace mata maganin ƙafarta na cikin kayan.